Saƙonnin da Suka Maƙale a Jega

Yayana ne ya haɗa na'urar da ke aika wa manoman albasa saƙo ta waya, ranar ban ruwa ko ranar rabon taki. Tana wani ɗan ɗaki a Jega Firchin. Aikinta ta karɓi saƙo, ta sa shi a layi, ta miƙa wa mai shi. Ni nake kula da ita daga Maiyama ta kwamfutata, ba sai na je ba.

Tun da Yaya ya kwanta ciwon ajali ban sake leƙa ta ba. Bayan sadakar bakwai na nemi shiga, ta ƙi ni. Na canza layin waya, na sake kalmar sirri, na zagi kamfanin waya tas, alhali ba ruwansu. Manoman Jiga Birni sai kira suke, saƙo ya daina zuwa. Na san magani shi ne in hau mota in je. Ɗakin ne ba na son shiga, don tabarmar sallar Yaya na nan a naɗe.

Da na je, ashe wuta ce ta ɗauke. Da ta dawo, na'urar ta tashi da sabon adireshin intanet, ni kuwa ina ta ƙwanƙwasa tsohon. Gyaran bai kai shan shayi ba. Saurin in fita ya sa ban duba abin da ke jibge a layin ba, na buɗe shi kawai. Duk saƙonnin da Yaya ya rubuta kafin ya kwanta suka fice. Na kuma manta cewa da lambar Innarmu yake gwaji.

Na biya gida in gaishe ta, na iske ta da waya a hannu. Inna ba ta iya karatun boko ba.

"Wayag ga ta yi kuka. Duba man, wa na?"

Na duba. Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi.

"Inna, tsohon saƙon Yaya ne."

"Mi yac ce?"

Na karanta: "Gwaji. Inna, ki aje man hura, ina nan tahe."

Ta yunƙura ta tashi, har ta ɗauko ƙwarya. Sannan ta tsaya cak a tsakar gida, ƙwaryar na hannunta.