Dakalin da Abban Nana ya bari a Mesaimeer

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Injiniya Lawal, wanda har ya bar duniya ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, sai dai in ce Abban Nana. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi girki in aika masallaci, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Kwantiragina a asibitin da nake aikin jinya a nan Doha ya ƙare, ina haɗa kayan komawa Zariya, kuma kamfanin da ke kula da gidajen hayarmu a Mesaimeer ya ce in mayar musu da gida yadda muka same shi. Wato a ɓaɓɓalle dandamalin katakon da Abban Nana ya yi a filin baya.

Lokacin da muka tare, filin nan bai da amfanin komai. Tsakuwa ce zube, ga doguwar katanga, ga injin esi yana ta huci a gefe. Igiyar shanya kawai na ɗaura, ita ma da gudu nake fita in kwashe kaya in dawo. Shi kuwa ɗan Tudun Wada ne, a kan dakalin ƙofar gidansu ya girma, inda mutum zai zauna bayan la'asar duk mai wucewa ya tsaya a gaisa. A nan kowa motarsa ce ke shigar da shi gida, ƙofa ta rufe a bayansa. Wata rana ya fitar da kujera bakin ƙofa ya zauna yana jiran abokin gaisawa, sai ga mai gadi ya zo da sauri yana tambaya ko makulli ne ya ɓace masa. Ya dawo ciki da kujerarsa rai a ɓace, ya ce tunda an hana shi dakali a gaba, zai yi abinsa a baya.

Baba Iddi ne ya samo masa kafinta a unguwar Al Asmakh. Baba Iddi mutumin Zangon Kumasi ne, direba, a masallaci suka haɗu suka ƙulla abota. Rigima ta fara ne tun wajen awo. Kafinta yana so katako ya bi jikin ginin sak, Abban Nana ya kafe kai da fata sai dai ya bi alƙibla, don idan aka tashi salla layin katakon ya zama sahu. Haka aka yi shi a karkace, kusurwa ɗaya ta kusa taɓa katanga, ɗayar ta bar fili kamar yankan kankana. Duk baƙon da ya fito sai ya tambaya wane ne ya cuce mu, shi kuma ya gyara hula ya fara bayani tun daga farko.

Babban kuskurensa shi ne lokaci. A watan Mayu aka gama aikin. Lissafin Zariya ya yi, inda duk zafin da aka sha da rana, magariba na yi iska za ta kaɗo. Ya gayyato abokai, na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, aka shimfiɗa tabarmi. Kafin a wanke hannu kowa ya jiƙe sharkaf, iskar ma kamar tururin tukunya. Abban Nana yana share gumi yana cewa yanzu za ta sauka. Baba Iddi ya miƙe da kwanonsa ya ce, "Injiniya, khalas, ya isa haka. Wannan ba Zariya ba ne. Yalla, mu koma wajen esi." Duk tsawon bazarar nan ba wanda ya taka katakon sai magunan unguwa. Nakan leƙa ta taga in ce masa ya fito, talakawansa sun hallara a fada.

Da Nuwamba ta shigo sai bakina ya mutu. Filin da nake ratsawa da gudu ya zama nan ne gidan. A nan nake tsinke zogale, a nan 'yarmu Nana ke kwanciya rub da ciki tana aikin makaranta, a nan muke shan shayi kafin in tafi aiki. Ranar Juma'a kuwa ba a magana. Likita da malamin jami'a da direba duk a tabarma ɗaya, mutanen Zango su zo da wakensu da shinkafa, mu mu fito da namu, a yi ta musun wa ya fi wa iya Hausa. Mu mata muna daga bakin ƙofar kicin muna sa baki. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda Turanci ya cika musu baki, a kan katakon nan suka koyi durƙusawa su gaida manya. Da ciwon zuciya ya ɗauke Abban Nana, a kan katakon aka yi zaman makoki, ya cika har wasu na zaune a kan tsakuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Majalisar ta watse a hankali, ba tare da an yi faɗa da kowa ba. Wasu sun koma gida, wasu sun ƙaura dogayen benaye inda ko wurin shanya babu. An buɗe zaure a waya, ana turo hoton fure da barka da Juma'a, kowa yana kwance a ɗakinsa. Na san zai kalli wayar ya taɓe baki ya ce wannan ai ba gaisuwa ba ce. Na kuma san zai yi murna da ya ga Nana ta shiga jami'a a Kano, tana faɗa da 'yan kasuwa da Hausar da ba wanda zai ce a waje ta girma. Ina kewarsa. Ina kewar taurin kansa fiye da komai, abin da ya fi ba ni haushi yana raye.

Wakilin kamfanin da ya zo duba gidan yaro ne mai ladabi. Ya ɗauki hoto, ya ce abin a karkace yake kuma ba ya cikin tsarin gini, dole a cire, sai fa idan wanda zai shiga bayana ya ce yana so. Masu neman haya biyu suka zo suka ce a fitar da shi, ɗaya wai wurin ajiye kekunan yara yake buƙata. Nana ta bugo waya tana kuka, ta ce, "Umma, ki sa shi a kwantena mana." Na ce mata katakon da rana ta gasa shekara da shekaru ba zai fita da rai ba, in ma ya fita, a Zariya itace ne kawai. Baba Iddi, wanda har yanzu yakan biyo ya gaishe ni, ya daɗe tsaye a kansa, sannan ya ce, "Hajiya, in dai cirewa za a yi, hannunmu ne zai cire. Ba za mu bar wa baƙo ba." Muka tsayar da Juma'a mai zuwa. Tun daga ranar na daina fita filin.

Ana saura kwana kaɗan sai wakilin ya zo da wata mata 'yar Sudan da mahaifiyarta, tsohuwa mai dogara sanda. 'Yar tana ciki tana duba ɗakuna, tsohuwar ta lallaɓa ta fita baya. Ba wanda ya ce mata komai ta tuɓe takalmi, ta zauna a bakin dandamalin, ta miƙe ƙafa, ta yi ajiyar zuciya. Aka gama duba gida aka kira ta, ta ƙi tashi. Ta tambaye ni da Larabci wa ya yi wannan. Na ce mijina ne, ya rasu. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a mai tsawo, mutumin da ba ta taɓa gani ba. 'Yar ta juya ta ce wa wakilin a bar shi yadda yake.

Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, aka kuma ba ni. Amma da na koma ɗaki kuka na yi, don sai a lokacin na gane cewa tsirar dandamalin na nufin wasu ne za su zauna a kai su yi dariya, ba mu ba. Da na natsu na ga ai shi bai taɓa yin sa don mu kaɗai ba. Wuri yake so inda mutum zai zauna wani ya same shi, kuma wannan bai mutu da shi ba. Na nuna wa matar man da ake shafa wa katakon, na ce ta jira sanyi ya shigo kafin ta gayyaci kowa.

A ƙasar nan aka binne Abban Nana, a maƙabartar da ba ta da nisa da gidan, kuma ban san ko zan sake samun bizar dawowa ba. Jiya Baba Iddi ya kai ni can in yi masa sallama. Na tsaya daga wajen katanga, na yi masa addu'ar da na saba, Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makoma. Na shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Abban Nana, ba a cire ba. Akwai mutane a kai."