Wayar da Ɓera Ya Ci a Hanyar Babban Duhu

Ana sallame sallar asuba muka bar Batsari, ni da kawuna da wani abokin aikina, malamin firamare. A but ɗin motata akwai buhu biyu na irin gero da dawa, na yayata da ke Babban Duhu. An yi ruwa mai kyau kwana biyu kafin nan, idan irin bai isa ranar ba, laima za ta wuce ta bar ta da gona fayau. Tun rasuwar mijinta ake ta cewa ta dawo gari saboda ɓarayin daji, ta ce ba inda za ta. Ni ma na ce ko da turi sai na kai mata.

Motar tawa wata huɗu tana ajiye, tun da kuɗin mai ya fi ƙarfin albashi. Duk da haka ta kai mu Safana lafiya. A hanya mun wuce shingen 'yan sa-kai, da gonaki da yawa da ba a ko share ba, abin ya taɓa min zuciya. Mun karya da koko da ƙosai a tasha, ƙosan ya ƙanƙance har kawu ya tambayi mai tuya ko shi ma azumi yake.

Mun bar kwalta ba da nisa ba mota ta mutu. Na duba, fiyus ɗin famfon mai ya ƙone. Na sa wani, shi ma nan take. Abokina ya ce mu nemi babur mu koma, don wannan hanya ba a kai la'asar a kanta. Kawu kuma ya ce a naɗa zaren waya a madadin fiyus, haka direbobi ke yi. Na ce wannan shi ne a ƙone motar da irin gaba ɗaya.

Sai na ciro 'yar na'urar bin waya da na saya a Katsina, wadda kuɗinta bai kai na kaza biyu ba. Kashi biyu ce: ɗan akwati da ake maƙalawa a gurbin fiyus, da wani abu kamar biro da ake bin waya da shi yana ƙara, inda ƙarar ta ɗauke nan matsalar take. Kawu ya ce mai rewaya da ya shekara ashirin yana gyaran wayoyin mota ma sai ya yi gumi, balle abin wasan yara. Ban kula shi ba. Na cire kan batir, na durƙusa, na bi waya daga gaba, ta gefen ƙofa, ina waigawa duk sanda na ji ƙarar babur daga daji. A ƙarƙashin kujerar baya na'urar ta yi shiru.

Na ɗaga kujerar. Ga waya ɓera ya gwigwiye ta tana taɓa ƙarfe, ga ɓawon gyaɗa tuli. Na dubi kawu. Ashe shi ne ya ɓoye buhun gyaɗarsa a motar sanda take ajiye, tunda yanzu ba mai barin amfanin gona a rumbun ƙauye.

"To, ɗana, ina kake so in kai ta?" Abin da ya ce ke nan.

Na naɗe wayar da salatif, na sa fiyus na ƙarshe da ya rage, mota ta tashi. Kafin azahar muna Babban Duhu. Mun tarar da Yaya ta riga ta sare ramuka a rabin gonar, tana zaune a bakin hanya da ƙwarya. Ko ruwa ba ta bari mun sha ba sai da aka kwance buhu.

Mun shigo Batsari ana kiran la'asar, kawu riƙe da na'urar a cinyarsa. Abin da na koya shi ne, yawancin abin da ke sa mu juya baya ƙarami ne, sai dai ba mu tsaya mun bi shi har inda yake ba. An hana mu kasuwa, an hana mu barci, amma shuka dai bana Yaya ta yi.