Isyaku Mai Wayarin da Ƙuryar Ɗakin Sa'ida

Ranar an wuni da zafi mai sa gumi ɗiga, hadari ya haɗu ta gabas ya tsaya cak, ya ƙi zubowa ya ƙi washewa. Farkon damina ce, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da zancen an kusa daina ɗauke wuta. Isyaku mai wayarin na Shahuci yana cikin masu murna, don da wutar yake ci. Mutum ne marar hayaniya, ya iya hannunsa, gidajen unguwar kaɗan ne bai ja musu waya ba.

Da la'asar ya shigo da sabuwar fanka, saboda matarsa Sa'ida da ke goyon autarsu. Ya kunna, ya tsaya yana jiran ta yaba. Sai ya ga ta saki ludayi, yatsunta sun ƙanƙame.

"Malam, kashe ta," ta ce. "Wani abu ke bin hannuna zir-zir, har leɓena."

Ƙanwarta Uwani, abokiyar wasansa, tana wajen. Ta kwashe da dariya.

"Yaya Isyaku, kai da kake wuni a kan falwaya kamar hankaka! Wutar ce ka kwaso a jikinka, kake zuba wa 'yar mutane."

"Ke dai bakinki ya fi fankar juyawa," ya ce da ita.

Wasa ta yi. Amma abin ya dawo washegari, ya sake dawowa, wani lokacin daidai da kawo wuta, har Sa'ida ta koma da ta ji yara sun yi ihun an kawo sai gabanta ya faɗi. Maganar Uwani ta zauna wa Isyaku a zuciya. Ya yanke wayar gidansa da hannunsa. Bai ga sauƙi ba, ya sayar da tsaninsa da filayarsa ta yanke waya, ya kasa goro a zaure. Wayar maƙwabta ta ratsa ta saman tsakar gida, don haka ya roƙi Sa'ida ta daina zama a can. Ya mai da ita ƙuryar ɗaki, can ƙarshen gida, inda ko taga babu. Shi kansa sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ta, yana tsoron ragowar wutar da ke jikinsa.

Tsofaffi suka ce a ƙara mata kanwa a kunu, aka ƙara. Ita kuma ba abin da take marmari irin farar ƙasa. Haka shekaru suka tura, baya ya fara ciwo, tafiya ta koma sai da dafa bango.

Wata safiya ta yunƙura za ta yi alwala, aka ji ƙas. Ba faɗuwa ta yi ba, ƙashin cinya ne ya karye da kansa. Mai ɗori ya zo ya taɓa, ya janye hannu.

"Malam Isyaku, wannan ƙashi ya zama kara. Ku tafi asibiti."

A can aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce sinadarin da ke riƙe ƙashi, kalsiyam, shi ya yi ƙaranci a jikinta. Haihuwa da shayarwa sun ja nasu, ƙarancin ne ke sa yatsu ƙanƙamewa da wannan zir-zir ɗin. Ta rubuta wasu fararen ƙwayoyi, ta ce a haɗa da madara da kifi.

"Kuma, Baba, tana samun rana kuwa? In fata ba ta ganin rana, jiki ba ya iya riƙe abin."

Isyaku ya ce, "Wutar fa, likita?"

"Ni dai ban ga wuta a jininta ba."

Bai yi kuka a gaban likita ba. Sai da suka dawo gida ya zauna a bakin katifarta, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce ta yafe masa, shi ya raba ta da rana.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam," ta ce. "Duhun ma na saba da shi. Tsayuwarka a bakin ƙofa ce na kasa sabawa da ita."

Ƙwayoyin sun yi aiki. Yatsu suka saki, har ta koma tsince shinkafa. Amma cinyar ta haɗe a karkace, ƙugu ya riga ya lanƙwashe, likita ta ce an makara.

Yanzu Sa'ida tana nan a gidansu na Shahuci, ba ta iya tashi. Isyaku ya tsufa, yana nan da goronsa a zaure, kuma kullum da hantsi shi ke ɗauko ta ya fito da ita tsakar gida.