Gorar da Malama Sukarti Ta Kafa a Ƙofar Aji

A'a, ba wasa da ruwa take koya wa yara ba, masu faɗin haka ko leƙa ajinta ba su taɓa yi ba. Shekara goma sha ɗaya Malama Sukarti tana riƙe da aji biyar a ƙauyenmu na bakin teku a Demak. Malamar wucin gadi ce, duk shekara sai hedimasta ya sa hannu kafin ta ci gaba.

Ruwan teku kan ciko ya shigo makarantar. Sauran malamai su naɗe ƙafar wando su ci gaba da rubutu a allo. Ita kuwa sai ta kafa gora a ƙofar aji don auna ruwan, ta tambayi yaran yaushe ruwan zai dawo, ta ƙi ba su amsa. Wata biyu suna aunawa, suna rubutawa, suna musu. Hasashensu na farko ya kauce da kwana uku. 'Yar wani masunci ta ce babanta farin wata yake dubawa. Suka sa shi cikin lissafin, abu ya fara zama daidai.

Hedimasta, Malam Daryono, ya kira ta ofis.

"Malama, an ce kin buɗe mana hukumar hasashen yanayi."

"Ranka ya daɗe, awo ne da rabawa, duk suna cikin manhaja."

"Shafi nawa kuka kai?"

"Arba'in da biyu."

"Ɗaya ajin suna casa'in."

"A tambaye su abin da ke shafi na sittin mana."

Ya tsuke fuska. "Sufeto na zuwa Laraba ƙarfe goma. Littafi nake son gani, ba gora ba."

"A mayar da shi Litinin. Yaran sun ce Laraba ƙarfe goma ruwa zai wuce idon sawu."

"Yara ne za su tsara mini aiki?"

Ranar Laraba sufeto ya zaga ajin riƙe da takalmansa a hannu. Ita tana tsaye cikin ruwa. Rahotonsa bai ambaci ruwa ba, cewa ya yi ajinta yana baya a manhaja. Hedimasta ya ce ta kunyata shi, ya ƙi sa hannu.

Yau jatan lande take ɓarewa a rumfar ƙanwarta.

Ku iyayen yara, ku da kuke duba jadawalin zuwan ruwa na 'ya'yanku kafin ku ɗora katifa kan tebur, akwai taron iyaye ranar Asabar. Ku je ku buɗe baki a gaban hedimasta, ku ce a dawo da ita.