Ranar da Kamfani Ya Tuna da Injiniya

Injiniya ake ce masa, alhali bai taɓa zama ajin injiniyoyi ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a kamfanin katifa yana kula da injin yanka soso. Tun daga bakin ƙofa zai saurari ƙararsa ya ce, "Bel ɗin nan ya gaji," kuma kafin a tashi aiki sai ya tsinke.

Da kasuwa ta faɗi, kowa ya haƙura da tsohuwar katifarsa, sai aka fara rage ma'aikata. Ran wata Litinin ya zo ya tarar da takarda manne a get. Mutum tamanin da huɗu. Sunansa ne na sha ɗaya, ko rubuta shi daidai ba a yi ba. Mai gadin da suke cin abincin rana tare ne ya karɓe katinsa, kansa a ƙasa.

Wata bakwai yana yawo da takardu a leda. Duk inda ya je layi ne, masu digiri a gaba, masu furfura a baya. Amsar ɗaya ce: "Baba, ai shekarunka sun ja." Matarsa ta fara karɓar wankau. Babbar 'yarsu ta baro makarantar koyon jinya saura mata shekara ɗaya, ta ninke farin kayanta ta tura ƙasan akwati. Wannan ne ya fi ci masa rai. Mutumin da a da ba a jin muryarsa ya koma ko cokali ya faɗi sai ya yi faɗa.

Rannan da safe wayarsa ta yi ƙara. Manaja ne.

"Injiniya namu! Ka ɓuya. Ka zo yanzu, muna nemanka."

Matarsa ta goge masa rigar aiki tana dariya. "Ban gaya maka ba? Wa za su samu kamarka?"

Ya isa ya tarar da zauren aiki wayam, sai gizo-gizo da warin tsohon soso. Manaja na tsaye gaban injin tare da wani baƙo mai tabarau.

"Ya ƙi tashi," in ji manaja. "Wannan bawan Allah ne zai saya, yana so ya ga yana aiki kafin a loda. Aikin awa biyu ne, za a ba ka na mota."

Injiniya ya matsa kusa. Kallo ɗaya ya yi wa injin ya gane matsalar, aikin minti goma ne.

"Na mota? Wata bakwai, ranka ya daɗe! Ko sannu ba wanda ya ce min." Ya ɗaga hannun hagunsa mai yatsu uku. "Biyun nan a cikin injin nan suka tafi, ban kai ku ko'ina ba. Kun kore mu da takarda a jikin ƙofa kamar ɓarayi, yau kuma ni zan gyara muku abin da za ku sayar ku rufe wurin? Ku kira wanda ya rubuta sunayen, shi ya tayar da shi!"

Ya fice, manaja na ƙwala masa kira.

A gida matarsa ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta yarfe kumfar hannunta.

"Ka yi daidai, Baban yara. To amma fushin za mu zuba a tukunya?"

Ya san ita ma cike take, ba ta da wanda za ta yi wa ihu ne sai shi.

Washegari ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya kafa tebur a gefen shagon ƙanen matarsa. Can yake har yanzu, yana gyaran fanka da dutsen guga. Wata rana a samu aiki uku, wata rana ko ɗaya. Kamfanin kuwa ya koma sito. Katifun da ake shigowa da su daga waje ake jibgewa a ciki, ma'aikata huɗu kacal.