Injiniya Rakia Saïdou, Wadda Ta Daidaita Hanyoyin Rezo

Haihuwa da Karatu

An haifi Rakia Saïdou a shekarar 1976 a unguwar Glass ta birnin Libreville. Mahaifinta, Malam Saïdou, mutumin Maradi ne mai tuƙa tasi, mahaifiyarta kuwa, Hajiya Halimat, atamfa take sayarwa. Ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha uku, ta kuma yi zarra a lissafi, har aka tura ta Dakar karatun sadarwa, inda ta kammala a 2001.

Aiki da Aure

A 2002 ta kama aiki a wani kamfanin intanet mai ruta goma sha biyu kacal, wato na'urorin da ke zaɓar wa kowane saƙo hanyar da zai bi. A 2004 ta auri Alhaji Ismaïl, ɗan kasuwa daga Garoua, suka tare a unguwar Cocotiers.

Shekarar 2014

Kafin 2014 rutocin sun haura ɗari huɗu, kowace kuma tana sanar da sauran duk abin da ya motsa a gefenta. Da daminar shekarar, wata waya guda a cikin daji ta riƙa yankewa tana dawowa, rutocin suka shagala da sake lissafin hanya, rezo, wato layin sadarwar kamfanin gaba ɗaya, ya tsaya cak kwana biyu. Asibitoci suka kasa aika sakamakon gwaji, manyan abokan hulɗa suka yi barazanar ficewa.

Rakia ta kawo shawarar a raba rezon gunduma tara, kowace ta riƙe lamarinta a cikin gida, ta fitar da sanarwa guda taƙaitacciya, wayar da ta cika rawa kuma a jingine ta sai ta natsu. Daraktan kamfanin ya ji tsoro, amma ya ba ta wata uku ta aiwatar. Ranar gwaji, da hantsi, ta tara ma'aikata, ta nuna wa darakta babbar wayar ɗaya daga cikin gundumomin.

"Ranka ya daɗe, ka zare ta da hannunka."

"Madam Rakia, in rezo ya faɗi fa?"

"To, ka sallame ni kafin azahar."

Ya zare. Cikin daƙiƙa biyu saƙonni suka kama wata hanya, sauran gundumomi takwas ko gezau! Ofis ya kaure da kabbara da tafi, darakta kuwa don murna sai da ya maimaita zare wayar sau uku.

Shekarun Ƙarshe

A 2016 aka naɗa ta shugabar injiniyoyi. Ta horar da mutum talatin da ɗaya, sha ɗaya daga cikinsu mata, ta kuma sauke farali a 2019.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata, 7 ga Maris 2023, bayan gajeruwar jinya. An sallace ta bayan la'asar, aka kai ta makwancinta a maƙabartar Musulmi ta Libreville, almajiranta na aiki suna rige-rigen ɗaukar makara. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Zakiru, Nafissa da auta Baraka. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.