Ƙaguwar da ta ari tandun mahaifiyata

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don tsoron a ce na ƙara gishiri. Amma Allah ne shaidata.

Shekarun baya, cikin shekarun saba'in, yayana ya dawo gidanmu a Unguwar Kanawa daga tsibirin Fanya, can tsakiyar teku, inda ya yi aikin gonar koko. Tsarabar da ya kawo wa mahaifiyata gwangwani ne cike da katantanwa masu kyau da ya tsinto a bakin ruwa. Ta juye su a faifai muna kallo, sai guda ta fito da ƙafafu ta kama tafiya!

Na yi tsalle har na kifar da buta. Yayana ya fashe da dariya. "Kai matsoraci! Ƙaguwa ce. A can ba su da gidan kansu, katantanwar da aka bari suke shiga."

Kafin la'asar gida ya cika. Har daga Hayin Banki aka zo kallo. Malamin maƙwabtanmu ya duƙa ya dube ta, ya yi tasbihi, sannan ya dube ni. "Ɗan nan, duk wanda ya tsare dabba, ci da shanta na wuyansa. Za a tambaye shi."

Shi ke nan, hankalina ya tashi. Ba ni na ɗauko ta ba, amma ni na ɗauki alhakin. Na zuba yashi mai laima a tsohon kwano, ina ba ta kwakwa da ayaba, ina ɗiga gishiri a ruwanta don ya yi kama da teku. Sau goma nake leƙa ta a wuni.

Wata safiya na tarar da katantanwar wayam. Na zauna ina salati, na tabbata na kashe baƙuwa. Can sai na ji mahaifiyata ta ƙwala kira: "Wa ya ɗaukar min tandun kwalli?"

Muka waiga. Ga tandun nan yana tafiya a gindin randa, da ƙafafu! Ashe girma ta yi, gidan ya matse ta.

"Inna, in ciro ta?" na tambaya.

"Bar mata. Baƙon da ya zaɓi ɗaki da kansa, ai ba a tashinsa."

Murna ta hana ni karyawa ranar. Amma na gane ba zan iya riƙe ta ba. Na roƙi abokina direban babbar mota mai zuwa Fatakwal, ya tafi da ita cikin kwanonta. Da ya dawo ya rantse min ya sake ta a bakin teku, tana jan tandun Inna.

Har yau abu ɗaya ke damuna: ba tsibirinsu aka mayar da ita ba. Don Allah, wanda ya san halin waɗannan ƙaguwoyi ya faɗa min, suna rayuwa a gaɓar da ba tasu ba? Ina so in san ko na sauke wannan nauyi.